Kumatun Raudatu

"Ku taɓa kumatun nan ku ji," in ji Inna Furera, tana tura jikarta Raudatu gaban matan da ke ɓarar gyaɗa a tsakar gida.

Yarinyar da kullum take kamar sillen kara, yau ga fuska ta cika, ƙafafu sun yi ɓul-ɓul. Inna ta san sirrin, kunun gyaɗarta ne. Kwanakin baya da yarinyar ta yi ciwon maƙogwaro da zazzaɓi, uwarta Huseina ta dage sai asibiti. Inna ta hana, ta ɗura mata jiƙo, ciwon ya lafa. To ga sakamako nan, sai a zo a gani.

"Inna, fitsarinta fa ya koma kamar baƙin shayi," Huseina ta faɗa a hankali.

"Ƙoshi ne. Ke da ba ki iya raino ba, ina za ki sani?"

Washegari ƙoshin ya hana Raudatu numfashi, aka kwashe ta sai asibitin Ɗanbatta. Likita ya danna ƙafarta da yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Ya ce wannan ba ƙiba ba ce, ruwa ne. Ƙwayar cutar maƙogwaron da aka bari ce ta taɓa ƙoda.

Da aka sallame ta, ta dawo siririyarta tana tsalle-tsalle. Inna ta ƙare mata kallo, ta juya wajen matan.

"Kun ga aikin asibiti ko? Na ba su yarinya ɓul-ɓul, sun dawo min da ƙashi."