Sau Tara

"Gudawa fa?" likita ta tambaya, kwalbar allurar na hannunta.

"Ko sau ɗaya," in ji matar tela.

Tela ya sunkuyar da kai. Allurar nan ba ita ke kashe ciwon daji ba, garkuwar jiki take tasowa ta yi yaƙin. Amma sojan da aka tasa daga barci ba ya tambayar wane ne ɗan gida, wani lokaci hanji yake fara ci. An gaya musu tun farko cewa in ciki ya ɓaci za a dakatar. Ita kuwa tun allura ta uku kumburin wuyanta ya fara sacewa.

Ta taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur.

"Malam, kai ke jinyarta," in ji likita. "Haka ne?"

Ya tuna yadda jiya take fitowa daga banɗaki tana dafa bango.

"Sau tara," ya ce. "Na ƙarshen har da jini."

Likita ta mayar da kwalbar firij, ta ce a kwantar da ita yanzu.

Ana tura ta a keke ta waiwayo.

"Shekara talatin ina sake kitso ba ka taɓa lura ba, maigida. Sai yau ka iya ƙirga."