Ranar Kare Kundi

Zauna, Malam Nafi'u. Tunda gaggawar takardar digirin nan ta hana ka sukuni har kana neman gajeriyar hanya, bari in ba ka misalin wani mutum. Malamin gona ne, ya shiga jami'a neman digiri na biyu a kan ƙwarin da ke cin wake a rumbu. Malamin da ke duba aikinsa ya ce sai ya zuba wake a rumbuna shida, ya riƙa auna ɓarnar duk mako har shekara ta zagayo. A wurin aikinsa kuwa an ce kujerar shugaban shiyya tana jiransa, in ya kawo shaidar digiri kafin damina. Ya duba ya ga lokaci ba zai kai shi ba. Sai ya samo wani tsohon kundi daga wata jami'a mai nisa, ya kwashe alƙaluman ciki, ya sauya sunayen ƙauyuka, ya sa a nasa. Malaminsa, da ɗalibai suka yi wa yawa, ya sa hannu.

Ranar kare kundi ya ɗinka sabuwar riga. Matarsa da ƙannensa suka zo da kulolin abinci, suka shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin darbejiya suna jiran a fito a yi murna. A cikin ginin da ake kare kundin, farfesar da aka gayyato daga waje don ta jarraba shi, wata dattijuwa mai maganar sanyi, ta saurare shi har ya gama. Sannan ta buɗe shafi na arba'in, ta ce ta ga a wata na huɗu ƙwarin rumbu na uku sun ragu ƙwarai, alhali na sauran suna ƙaruwa. Me ya faru a rumbun nan? Ya ce zafi ne. Ta ce ai zafi bai zaɓi rumbu ɗaya ba. Ya ce wataƙila irin waken ne. Ta nuna masa inda ya rubuta da hannunsa cewa iri ɗaya ya zuba. Sai ta nemi littafin da yake rubuta awon kowane mako. Ya ce yana gida.

Ta rufe kundin, ta ɗora hannu a kai, ta ce, "Je ka ɗauko, Malam. Muna nan."

Ya fito, 'yan'uwa suka miƙe za su yi guɗa, ya ɗaga musu hannu. Ya zagaya bayan ginin ya tsaya, don babu littafin da zai ɗauko, a gida ko a ko'ina. Rabin awa yana nan, yana jin muryar matarsa tana tambayar masu wucewa ko sun gan shi. Daga ƙarshe ya koma ya faɗi gaskiya. Malaminsa bai iya ɗaga kai ya dubi baƙuwar ba. Aka soke sunansa daga jami'a, labari ya riga shi isa ofis, kujerar aka ba wani. Abincin nan ko buɗe shi ba a yi ba.

Don haka, Malam Nafi'u, koma ka yi aikinka da hannunka, ko zai ci maka shekara biyu. Zanen aro ba ya rufe katara.