Gidan da Ya Ƙetare Teku

Tana tura ƙofar gidan katakon da ta kama haya na mako guda sai idonta ya sauka kan tsagar wuƙa a katakon bakin ƙofa. Guda bakwai ne, wata bisa wata. Ta tsaya cak.

Mai jirgin ruwan da ya yi awa uku yana ratsa tsibirai da ita ya dire jakarta. "Baiwar Allah, lafiya? Ko jirin teku ne irin naku na 'yan birni?"

"Wa ya gina gidan nan a tsakiyar daji?"

Ya tuntsire da dariya. "Gina? Ai jawo shi muka yi! Bara waccan aka kira gayya a wancan tsibirin. Shanu goma sha biyu suka ja shi zuwa gaɓa, muka ɗaura masa ganguna don kar ya nutse, jirage uku suka biyo da shi ta ruwa har nan. Mai gidan ya cika mu da gasasshen rago da giyar tuffa. Mutumin kirki, wani mai ɗingishi. Wai ƙanwarsa ta birni ce ta bar masa."

Bara waccan ɗin nan yayanta mai ɗingishi ya kira ta yana kuka, wai gidan marigayiya mahaifiyarsu ya ƙone ƙurmus, ko cokali ba a fitar ba. Ita ce ma ta yi ta rarrashinsa.

A hankali ta juya ta jingina bayanta da katakon, ta haɗe dugaduganta kamar yadda mahaifiyarta kan sa ta yi duk shekara tana yarinya, in za ta auna tsayinta. Tsagar ƙarshe ta zo mata daidai kafaɗa.