Lakar da ta Faɗi Ƙasa

Tunda ƙyallin mota yana burge ka, zauna ka ji abin da ya yi wa wani mai wankin mota a bayan wata tasha. Mutumin nan ya iya aikinsa, wannan ba za a ƙwace masa ba. Bayan wanki har goge fenti yake yi da laka. Wata laka ce ta kanti, mai laushi kamar cingam, ana murza ta a jikin mota ta tsince kwalta da ƙaron itace da duk abin da ya gagari sabulu. Dokokinta biyu ne, kuma ya san su kamar yunwar cikinsa. Ba a murza ta a busasshen fenti, sai an fesa ruwan santsi ta riƙa zamewa a kansa. In kuwa ta faɗi ƙasa ta tashi daga aiki, sai bola, don yashin da ta kwasa ido ba ya ganinsa, amma fenti yana jinsa.

Yana da wani maƙwabci, tsohon direba, wanda ya yi furfura yana tuƙa wani attajiri. Kafaɗa da kafaɗa suke tsayawa a sahun masallacin unguwa. Tsohon ya lura kasuwar maƙwabcinsa ta yi sanyi, abin ya tsaya masa a rai. Ana nan sai maigidansa ya aike shi babban gareji da wata baƙar mota da yake ji da ita, a gyara mata jiki kafin walimar buɗe sabon gidansa. Tsohon ya karkatar da kan motar ya kawo wa maƙwabcinsa, ba da sanin maigidan ba. Da zai miƙa makulli ya ce, "Amana ce fa. Tuwon gidana yana jikin motar nan."

Mai wankin ya ji daɗi har cikin ransa, ya zage ya kama aiki. Yana kan murfin inji kwalbar ruwan santsi ta fara tari, tana fesa iska. Maimakon ya dakata, sai ya ce bari ya ƙarasa ɗan wurin da ya rage. Lakar ta cije a busasshen fenti, ta kuɓuce masa, ta faɗi cikin yashi. Ita ce ta ƙarshe a hannunsa, kantin da ake sayar da ita yana can cikin gari, tsohon kuma yana gab da dawowa. Ya waiga, ba kowa. Ya ɗauke ta, ya hure, ya goga a wando, ya ninke, ya yayyafa ruwan bokiti ya ci gaba. Ya ji wani ɗan ƙir-ƙir a ƙarƙashin yatsunsa, ya yi kamar bai ji ba. Sai da ya tura motar cikin rana sannan ya ga ɓarnar da ya yi. Tun daga murfin inji har ƙofofi an zane baƙin fentin da siraran layuka, kamar inda kaji suka yi tono.

To, har a nan ƙofa ba ta rufe masa ba. Da ya buɗe baki, injin gogewa na babban gareji zai share zanen kafin ranar taro. Amma kunya ta shaƙe shi, ga tsoron a ce gwani ya yi aikin ɗan koyo. Sai ya jawo man ƙyalli, wani kaki na feshi da ake ƙarasa aiki da shi. Ya san halinsa sarai: yana cike zane ya ɓoye shi, ba ya warkar da shi. Ya fesa, ya goge, ya sake fesawa, har mota ta koma madubi. Tsohon ya dawo ya ga farin gemunsa a jikin ƙofa, ya yi ta sa masa albarka. Kowace albarka tana sauka a ƙirjin mai wankin kamar garwashi, amma ya karɓa yana cewa amin.

Man feshi kuwa ba ya da dogon rai. Damina ce, ruwa ya doki motar, ranar walima da safe kuma maigadi ya wanke ta da garin sabulun wanki mai ƙarfi. Rana na ɗagawa, baƙi sun cika ƙofar gida, zanen ya fito fili. Attajirin ya buga wa gareji waya, suka ce ko ƙeyar motar ba su gani ba. A gaban mutane aka karɓe makulli daga hannun tsohon. An tambaye shi inda ya kai ta, ya sunkuyar da kai, bai kama sunan kowa ba.

Da yamma ya zo wurin wankin a ƙafa, takalmansa duk taɓo. Bai yi zagi ba, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Da ka faɗa mini a ranar, da na je na durƙusa wa maigida na faɗa da bakina, a gyara kafin a gani." Ya juya ya tafi. Da a ce marinsa ya yi, da mai wankin ya fi samun sauƙi.

Tsohon bai ba kowa labari ba, amma direbobi ba sa rasa kunne. Ɗaya bayan ɗaya suka sauya wurin wanki, bokitan mai wankin suka bushe. A masallaci kuma tsohon ya koma can ƙarshen sahu. Mai wankin yakan hango shi da safe zaune a ƙofar gida, hannu ba makulli, ba inda za shi, sai ya sauya hanya don ba ya iya haɗa ido da shi.

Ɗan yashin da bai cika farce ba ya cinye tuwon gida biyu da zumuncin shekaru. Dama Bahaushe ya faɗa: ƙarya fure take yi, ba ta 'ya'ya.