Takardar Fanshon Kaka

Ina aji huɗu, wata la'asar a gidanmu na garin Isa, kakana ya ciro wata takarda mai warin taba daga gwangwani. Masinjan Di'o ne zamanin Turawa, ya tsufa yana jiran fansho.

"Amaryata, karanta mini. Mi suka ce za su ba ni?"

Na bi layukan da yatsa har ƙasa. Na ga sunansa, na ga godiya, ban ga fansho ba. Na ɗauka Turancina ne ya gaza.

"Sun ce sun gode, Kaka."

Ya yi dariya har da hawaye, ya ce, "To, madalla."

Har yau ban sani ba, ko ya daɗe da sanin babu fansho a ciki, ko a bakina ya fara ji.