Adireshin Marigayi

Karo na uku ke nan masu sayen albasa suna cewa wasiƙun ƙungiyar manoman Bakolori ba sa isa. Sakataren ya duba sabar imel, wato na'urar da ke aika wasiƙun ƙungiyar, wadda ya haɗa da kansa a Talata Mafara, ransa a ɓace. Sai ya ga wani na aika saƙonni da adireshin mahaifinsa, wanda ya rasu bara.

"'Yan damfara! Ko mamaci ba ku ƙyalewa?"

Ya ɗauka su ne ke hana wasiƙun ƙungiyar isa, sai ya toshe adireshin nan take, ya tsare duk saƙon da zai fita da shi.

Bayan mako guda ƙanwarsa ta kira daga Maradun.

"Yaya, har yanzu jami'ar ba ta amsa ba. Da adireshin Baba na tura takarduna. Jiya anka rufe karɓa."

Ya buɗe saƙonnin da ya tsare. Ga su nan, guda tara, duk da sunanta.