Bargon da Na Kai wa Hassi

Shekaruna tara ne ko goma, ba zan iya tantancewa ba. Mako guda na yi cikin damina ina zaga bakin gonakin Nasarawa Burkullu, ina tsinko wa Inna furannin tafasa da na yaryaɗi, ita kuma tana zaɓen ƙyallaye masu launinsu tana haɗa bargo.

Ranar da ta kammala, bayan La'asar, maƙwabciyarmu ta tambaye ta na wane ne.

"Wanga na ɗiyata na," in ji Inna.

Har na rungume shi ina shaƙar ƙamshin sabulun jikinsa, sai ta ce, "Ke, ninke shi ki kai ma Hassi." Hassi ɗiyar ƙanwarta ce.

Maƙwabciyar ta dube ni ta yi dariya. "Ke ko! Yaushe kinka ji uwa ta ce ma ɗiyar fari ɗiyata?"

Ni ce ta farin, kuma yanzu na fahimci alkunya ce. Inna ba ta faɗi ƙarya ba. Da hannuna na kai bargon. Sai dai har yau ban taɓa jin ta faɗi kalmar nan tana nufina ba, kuma ban daina saurare ba.